RAMIN DA KE BAYAN RAUTARKA: RUBUTACCEN SHIRIN WANNAN MAKON

  

Kafin mu fara, wata 'yar alfarma nake nema. In akwai rauta a gidanku ko a shagonku, wato akwatin nan da ke raba waifai, tashi ka ɗauko ta ka juya bayanta. Za ka ga ramuka a jere. Manyan an rubuta musu LAN. To a wasu rautocin, can gefe akwai wani ɗan ƙarami da bai kai su faɗi ba, an rubuta TEL, ko an zana hoton kan waya. Ka gan shi? Yauwa. Shirin yau kacokan a kansa yake. Ni shekara biyu ina kallon ramin nan ban taɓa tambayar kaina amfaninsa ba, sai da lalura ta kai ni.

Lalurar kuwa ita ce Hajiyarmu. Idonta ya yi rauni, yana ta fara rufe shi. Babbar waya dama ba a maganarta, ta ce ita ba ta iya shafe-shafen nan ba. Ƙaramar mai tocila da muka saya mata kuma kullum da labarinta: yau jikoki sun ɗauka suna haska ƙarƙashin gado, gobe ta faɗa bayan katifa, jibi ba caji. Ni kuma aiki ya kai ni wani gari. Sai in kira sau biyar ba a ɗaga ba, hankalina ya tashi, in koma kiran maƙwabta. Wata rana na je gida take ce min, "Auta, ni da irin ta da za ka samo min, wadda take zaune wuri ɗaya, in ta yi ƙara in san inda take." Tana nufin wayar tebur, irin ta zamanin NITEL.

Na yi dariya na ce, Hajiya ai wannan zamanin ya wuce. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001 mutane suka watsar da layin waya. Ko irin na teburin nan marasa igiya da su Starcomms da Multi-Links suka yi yayi da su, yanzu sai labari. Ina cikin faɗar haka idona ya kai kan rautar da ke kan firij, na tuna ramin nan. Washegari na shiga kasuwa na sayo wayar tebur mai manyan madannai, na jona igiyarta a ramin TEL, na ɗaga kan. Wallahi sai na ji sautin nan, diiiii. Na danna lambata, wayata ta yi ƙara a aljihu.

To bari in tsaya a nan in yi bayanin abin da ya faru, sannan mu dawo labarin, don bai ƙare a nan ba.

Abin da muke kira rauta ba na'ura ɗaya ba ce. Na'urori huɗu ne, wani lokacin biyar, aka cusa a akwati ɗaya. Ta farko ita ce modem. Ita ce mai magana da kamfani, ta karɓo sigina daga waje ta mayar da ita abin da kwamfuta ke fahimta. Ta biyu ita ce rautar kanta, mai rabon hanya: ita ke sanin wannan saƙon na wayar Yaya ne, wancan na talabijin ne, kada su cakuɗe. Ta uku ita ce mai watsa waifai. Ta huɗu ramukan LAN ɗin nan, na jona kwamfuta ko talabijin da kebul. Ta biyar, wadda ba kowace rauta ke da ita ba, ita ce ɓangaren waya. Kun ga kenan in an ce "rauta mai modem da waya", ana nufin ba sai ka sayi akwati uku ka jera ba.

Kuma modem kala-kala ce, a nan mutane ke asarar kuɗi. Akwai ta DSL, mai bin tsohuwar igiyar wayar tarho ta tagulla. Akwai ta kebul ɗin talabijin, wadda ta yi yawa a Amurka da wasu sassan Turai. Akwai ta faiba, zaren gilashin nan da haske ke bi ta ciki. Sai ta sim, wato 4G ko 5G, wadda ita ce mafi yawanmu muke da ita. Kowacce layinta kawai ta sani. In ka je wurin masu kayan gwanjo ka ga wata ƙatuwar rauta ta Turai mai kyau, a bayanta an rubuta DSL, babu wurin saka sim, to modem ɗinta ba za ta yi maka komai ba, tunda babu layin da za ka jona mata. Iyakaci ka haɗa ta da wata rautar ta zama mai raba waifai.

Ko mai sim ɗin ma sai ka duba zangon da take kamawa. A jikin kwali ko a takardarta za ka ga B3, B7, B20, B28, da sauransu. Kowane kamfani da zangon da yake aiki a kai. In rautarka ba ta da zangon da kamfaninka ya fi ƙarfi a unguwarku, za ka yi ta zagin netwok alhali matsalar tana ɗakinka. Sannan akwai ajin gudu. Misali Huawei B315, wadda ta yaɗu sosai, ajin Cat 4 ce, iyakarta megabit 150 a daƙiƙa, kuma tana da ramin wayar nan. B525 kuma Cat 6 ce, tana kai 300. Amma fa wannan lissafin takarda ne, kar ka sa rai za ka gan shi a zahiri da ƙarfe tara na dare lokacin da kowa ya hau.

Yanzu ɓangaren wayar. Hanya biyu ce kira ke bi.

Ta farko, ta sim ɗin da ke cikin rautar. Lambar sim ɗin ita ce lambar wayar teburin. In an kira ta, wayar tebur za ta yi ƙara. In ka kira, daga katin da ke kan sim ɗin za a cira, ba daga data ba. Sharuɗɗanta uku ne. Dole sim ɗin ya zama mai yin kira, don akwai waɗanda na data ne zalla. Dole kamfanin da ya sayar da rautar bai toshe ɓangaren murya ba, don wasu ramin yana nan amma a mace yake. Na uku shi ne VoLTE, wato kira a kan 4G kai tsaye. In rautar ko layin ba su da shi, duk lokacin da kira ya shigo sai ta sauka zuwa 3G ko 2G, intanet ɗin gidan ya yi sanyi ko ya yanke har a gama magana. A gidanmu da farko yara har sun gane: da zarar bidiyo ya tsaya sai su ce, "Hajiya ta ɗau waya."

Hanya ta biyu ita ce VoIP, wato muryar ta bi ta cikin intanet ɗin. Wannan ita ce ta masu faiba. In kana Abuja ko Legas ko wani wurin da aka ja muku faiba, duba akwatin da suka kafa maka, sau da yawa za ka ga TEL1 da TEL2. Amma jona waya kaɗai ba ya isa, sai kamfanin ya ba ka lamba ya saita ta a ciki. In bai ba ka ba, shiru za ka ji.

Don ku ga iyakar inda abin nan ya kai, sai mun leƙa Jamus, domin can ne irin wannan akwatin ya zama kayan gida kamar firij. Akwai wani kamfani a Balin da aka kafa a 1986 da sunan AVM. A 2004 ya fito da akwatin da ake kira FRITZ!Box. Ɗauki samfurin 7590 da ya fito a 2017. Modem ɗin DSL na ciki, waifai na ciki, sannan akwai cikakkiyar cibiyar waya. Tana ɗaukar wayoyi marasa igiya har shida ta hanyar fasahar DECT, wadda zangonta daban ne da na waifai, don haka ba sa rigima. A cikin gini tana kai kamar mita 50, a fili kuma har wajen mita 300. Ɗaki zai iya kiran ɗaki kyauta, ka danna tauraro biyu da tara duk wayoyin gidan su yi ƙara lokaci ɗaya. Tana da na'urar ɗaukar saƙo har biyar, in an bar maka saƙon murya ta tura maka ta imel. Za ka iya toshe lambar da ta dame ka, za ka iya cewa daga sha ɗaya na dare kada wayar ɗakin yara ta yi ƙara. Har manhaja suke da ita da ke mayar da wayar hannunka wayar gida in kana kan waifai.

Kuma Jamusawa sun ɗauki akwatin nan da muhimmanci har ya kai ga doka. Daga 1 ga Agusta 2016, kamfanin intanet ba shi da ikon tilasta maka amfani da rautarsa. Dole ya ba ka bayanan shiga, har da na layin waya, ka saka a wadda ka zaɓa. Ku da kuka taɓa sayen rautar da aka kulle a kan layi ɗaya, kun san daɗin wannan dokar ba sai na faɗa ba.

Ina kallon abin nan ina tuna gidajenmu na gandu, sashen Baba, sashen Hajiya, sashen Yaya da iyalinsa, ga shago a ƙofar gida. Lamba ɗaya ta gida, waya a kowane sashe. Ai mu ya fi dacewa da shi.

To mu dawo gidanmu. Wata huɗu komai lafiya. Na saita mata madannan ajiya guda uku: na farko ni, na biyu Yaya, na uku maƙwabcinmu. Na liƙa wa nawa ɗan salatif don ta ji shi da yatsa. Kullum bayan sallar asuba sai ta kira ni. Ni kuma na shiga yi wa abokai burga, na zama injiniya.

Sai wani dare a tsakiyar damina. Iska ta taso, aka ɗauke wuta tun wajen goma. Can cikin dare jininta ya hau, kanta ya sara, numfashi ya fara yi mata wuya. Daga ita sai jikarta 'yar shekara goma sha biyu a ɗakin, Yaya ya yi tafiya. Ta lalubo wayar, ta ɗaga, ta danna mai salatif. Shiru. Ba sauti, ba komai. Ƙaramar wayar kuwa tana cikin durowa, rabonta da caji tun ranar da na kawo ta tebur, don kowa ya ɗauka an gama da ita. Yarinyar nan ce ta fita cikin ruwa ta yi ta dukan ƙofar maƙwabci har ya tashi, ya fito da mota aka kai ta asibiti. Allah ya sa da sauran kwana. Da na iso washegari, abin da ta fara ce min shi ne, "Auta, wayar taka ta yi shiru."

Ba ta faɗa da faɗa ba. Amma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, domin laifin nawa ne, ba na kowa ba. Na ba ta abu na ce ta dogara da shi, ban tambayi kaina me zai faru in babu wuta ba.

Ga abin da ban yi tunani a kai ba. Wayar tebur ta da, wutarta ba daga gidanka take zuwa ba. Ta cikin igiyar take zuwa daga ofishin waya, wajen bolt 48, kuma can suna da manyan batura. Shi ya sa ko an ɗauke wuta a unguwa wayar tana aiki. Hajiya wannan ta sani, da ita ta saba. Wadda na jona mata kuwa kamanninta ɗaya da ta da, amma ranta yana hannun rauta, ran rauta kuma yana hannun soket. Soket ya mutu, duk sun mutu.

Kuma kar ku ce matsalar tamu ce mu kaɗai. A Birtaniya suna kan rufe tsohon layin waya gaba ɗaya, sun sa wa'adin Janairun 2027, kowa zai koma jona wayarsa a bayan rauta. Babbar damuwar da ta taso ita ce tsofaffi da marasa lafiya in wuta ta ɗauke. Hukumar sadarwarsu, Ofcom, tun 2018 ta ce dole kamfanoni su tanadi hanyar da mai dogaro da layin zai iya kiran agajin gaggawa na aƙalla awa ɗaya bayan ɗaukewar wuta. Awa ɗaya fa, a ƙasar da ɗauke wuta labari ne. To mu da ake kwana a wuni?

Maganin ba shi da wuya. Duba cajar rautarka, yawanci za ka ga 12V 1A, ko 12V 2A. Akwai ɗan ƙaramin batirin da ake kira mini UPS, ana saka shi tsakanin caja da rauta, in wuta ta tafi ya ci gaba da riƙe ta ba tare da ta mutu ba. Ga lissafin, ku riƙe shi. In an rubuta 10,000mAh a jikinsa, ka ninka 10 da 3.7, ya ba ka 37, wato ƙarfin da ya tara kenan. Cire abin da ke zubewa a hanya, ka bar shi a 30. In rautarka tana cin wat 6, awa biyar kenan. In tana cin 12, awa biyu da rabi. Kuma kar ka yarda da abin da aka rubuta a kwali kawai. Cika shi da caji, ka zare wuta, ka duba agogo ka ga awa nawa zai yi. Sannan ka tabbata ramin da ka jona ya dace da rautar, kar ka ba mai bolt 5 ko 9 bolt 12, za ka ƙona ta. In kuna da sola ko inbata, to rauta ta fara hawa kafin talabijin. Wani abu kuma, wayar tebur mai igiya ba ta neman wutar kanta, daga rauta take sha. Amma marar igiya, mazauninta ma soket yake so, sai ka tanadar masa.

Duk da haka, ƙaramar waya ta zauna da caji. Ko batirinka ya kai safe, wata rana na'urar kamfanin ce da kanta za ta mutu. A koya wa yara da tsofaffi lambar gaggawa 112, a kuma rubuta lambar maƙwabci da manyan baƙi a liƙa a bango.

Saura magana ɗaya mai muhimmanci, ta tsaro. Rauta tana da kalmar sirri biyu. Akwai ta waifai, wadda kake ba baƙo. Akwai kuma ta shiga cikin saitin, inda kake rubuta 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza. Wannan ta biyun da yawanmu ba mu taɓa canza ta ba, tana nan a admin yadda ta zo. To ka sani, a rauta mai sim, duk wanda ya shiga shafin nan zai iya karanta saƙonnin tes da suka shigo wa sim ɗin, a wasu ma har ya tura saƙo ko ya danna lambobin duba kuɗi. Don haka ina roƙonku, kar ku saka layin da bankinku ke turo lambar sirri a cikin rauta. Sayi layi daban, a yi masa rajista, a bar shi na gida.

Kuma tunda akwatin yana iya kira, ɓarawo ma zai iya kira da shi. A farkon 2014 an samu waɗanda suka kutsa cikin FRITZ!Box ɗin mutane a Jamus ta intanet, suka riƙa kiran lambobin ƙasashen waje masu tsada, kuɗin ya hau kan masu gida. Sai da kamfanin ya fitar da gyara cikin gaggawa. Darasin shi ne, in rauta ta ce akwai sabuntawa, ka yi. In ba ka amfani da shiga daga nesa, kashe shi. Tsarin kullen waifai ya zama WPA2 ko WPA3. WPS ɗin nan mai lamba takwas, tun 2011 aka gano yana da rauni, kashe shi. Baƙi kuma a buɗe musu waifan baƙi, in rautar tana da shi, don kar su kai ga saitin.

To in za ka shiga kasuwa gobe, tambayoyi biyar za ka riƙe. Wace irin modem ce a ciki, kuma tana kama zangon layin da ya fi ƙarfi a unguwarmu? A kulle take a kan kamfani ɗaya ko a buɗe? Ramin TEL ɗin yana aiki? Wannan kar ka yarda da baki, a saka sim a jona waya a shagon, ka kira ka ji. Tana da waifai biyu, 2.4 mai ratsa bango da nisa, da 5 mai gudu amma gajeren zango? Na ƙarshe, wuta nawa take ci, kuma me zai riƙe ta in an ɗauke? In gidanku sigina ba ta da ƙarfi, ƙara da ta shida: tana da wurin ɗaura eriyar waje?

Hajiya dai ta warware, alhamdu lillahi, an ma yi mata aikin ido ɗaya. Wayar teburin tana nan a gefen gadonta, yanzu da batirinta a ƙasa, na gwada shi ya yi awa biyar da 'yan mintuna. Ƙaramar kuma an ɗora wa jikar nan alhakinta, duk ranar Juma'a sai ta nuna wa Yaya cewa a cike take. Ranar da na gama haɗawa Hajiya ta sa na zare soket a gabanta, ta ɗaga kan wayar ta kara a kunne, ta ji sautin, sannan ta ce in mayar.

Wanda ya juya rautarsa ya ga ramin, ya faɗa mana samfurinta a ƙasa, kuma in ya gwada ya gaya mana ko ta yi kira, don wasu su amfana kafin su kashe kuɗinsu. Wanda ke da tsoho a gida kuma, don Allah a daren yau ya duba ko wayarsa da caji.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, waɗanda suka rigaye mu Allah ya ji ƙansu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.